Surukina da Faifansa na Jita

Daga Allah muka zo, kuma surukina ya riga mu komawa gare Shi. Ya cika da hantsi a ɗakinsa, cikin gidanmu na Panshekara, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka masa kabarinsa.

Ni matar babban ɗansa ce, kuma ban saba rubutu irin wannan ba. Wata magana ce da na yi ta ji a zaman makoki ta hana ni sukuni. Da yake ni ce mai shimfiɗa tabarmi da kai ruwa, kusan duk abin da aka faɗa a tsakar gida ya shiga kunnena. Mace za ta shigo ta durƙusa gaban Inna, surukata, ta yi mata gaisuwa, ta ce Malam mutumin kirki ne, ba ya shiga sabgar kowa, ba a taɓa jin ya ci haƙƙin wani ba. Sai ta rage murya ta ce, "Sai dai kiɗan nan. Allah Ya yafe masa." Ta kusa da ita ta amsa da amin mai nauyi, kamar an ambaci wani abin kunya da ya kamata a binne tare da shi. Inna dai carbinta kawai take ja.

Maigidana ya ce a waje ma haka ne. Waɗanda kawai ba su faɗa ba su ne tsofaffin abokan aikinsa na masaƙa. Sun zo a kan kekuna daga Dorayi da Zawaciki, suka zauna a tabarma ɗaya a gefe, suna gaisawa da ƙarfi kamar masu faɗa, domin dukansu injin saƙa ya cinye musu kunne. Ɗaya daga cikinsu, wani dogon tsoho mutumin Damagaram, ya sunkuya wajen maigidana, a ganinsa raɗa yake yi, ya ce, "Faifan nan yana nan kuwa?" Har mu da ke cikin gida mun ji. Wani ya yi gyaran murya ya ce a yi wa mamaci salati.

Ni ba malama ba ce, ba zan ce ga hukuncin kiɗa ba. Amma na zauna da mutumin nan shekaru, kuma ba zan yi shiru a mai da shi rabin mutum ba, a yabi sallarsa da amanarsa sannan a ɓoye abin da ya fi sa fuskarsa haske. In za a tuna da Baba, a tuna da shi gaba ɗayansa.

Makanikin injin saƙa ne. A Bompai ya fara yana saurayi, ya koma Sharada, ya ƙare a Challawa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk tabon ƙarfe, kuma ko ranar Juma'a in ka kusance shi sai ka ji ƙanshin man inji a ƙarƙashin turarensa. Yana da taurin kai, wannan ba zan ɓoye ba. In ya ce a'a, ko duk dangi za su taru sai dai su sha shayi su watse. Bakinsa kuma yana da kaifi in ransa ya ɓaci.

Ina amarya na fara jin faifan. Wata la'asar ina shara sai na ji ganguna sun tashi daga ɗakinsa, ba irin namu ba, wani kiɗa mai sauri da ba ka san inda za ka sa ƙafa a cikinsa ba. Na yi ta jiran mawaƙi ya fara waƙa, har aka gama babu wanda ya buɗe baki. Na tambayi Inna, ta taɓe baki ta ce, "Kin ji shi nan, hayaniyar da na tarar ke nan a gidan nan. Ta girme ni a wurinsa."

Ita ce ta ba ni labarin yadda ya same shi. Tun yana Bompai ya je Sabon Gari neman wani ƙarfen rediyo, ya wuce wani kanti da ake sayar da fayafayai, ya ji abin yana tashi. Ya tsaya a bakin ƙofa da kekensa a hannu har gefen faifan ya ƙare. Mai kantin ya ce masa jaz ne, irin wanda aka gauraya da jitar lantarki. Baba ya sayi faifan alhali ba shi da abin da zai sa shi a kai. Ya ajiye shi a ƙasan akwati tsawon lokaci, sai da ya samu wani mataccen garmaho mai amfani da wuta, ya kwance shi gaba ɗaya a kan tabarma, ya tayar da shi da hannunsa. Daga baya ya sayi wasu fayafayan, ya rabar da su. Wannan ɗaya ne ya zauna. Da kaset ya zo, da faifan sidi ya zo, maigidana ya sha ce masa a nemo masa kiɗan a kan wani abu na zamani. Baba ya ce shi wanda yake ganin allura tana tafiya a kansa yake so.

Yana da tsarinsa. Sai ya dawo aiki, ya yi wanka, ya yi la'asar. Ya wanke hannu ya goge tas, ya zaro faifan daga kwalinsa yana riƙe da gefe da gefe, yatsa ba ya taɓa fuskarsa. Ya bi shi da wani ƙyalle mai laushi da ya yanko daga masaƙa, yana bin zagayen layukan. Sannan ya sauke allura a hankali, ya zauna a kujerarsa ta katako, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ba ya kaɗa kai, ba ya rawa. "Wannan kiɗan zama ne," in ji shi. In an ɗauke wuta, wanda kusan kullum ne, yana da batirin mota da wata ƙaramar na'ura da ya harhaɗa da kansa. Gidan zai iya zama babu fitila, amma garmaho ba ya rasa wuta. Da ladan ya ɗaga murya kuwa, ko a tsakiyar wurin da ya fi so ne, zai ɗage allura ya ɗauki buta.

Faɗa mafi girma da na gani tsakaninsa da Inna a kan kwalin faifan ne. Wata rana damina itace ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa, Inna ta nemi mafici ta rasa. Ta leƙa ɗakinsa ta ga kwalin a kan tebur, faifan yana kan garmaho, ta ɗauko ta fifita wutarta da shi har kusurwa ɗaya ta babbake. Da Baba ya dawo ya gani, ya fito tsakar gida riƙe da kwalin, bai ɗaga murya ba.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Malam. Tuwon da za ka ci na dafa da shi."

"To ki ci abinki."

Ya ƙaurace wa tuwonta, ya koma cin wake da shinkafa a bakin titi. Inna ma ta ƙi ba shi haƙuri. Ta ce takarda ce, kuma ita ba za ta durƙusa wa takarda ba. Ni ce a tsakiya, ina kai kwano ina dawowa da shi a rufe. Ranar da suka shirya babu wanda ya ce wa wani komai. Ya dawo daga kasuwa da mafitai sababbi har guda uku, ya ajiye mata a bakin madafa, ita kuma ta yi masa miyar kuka da man shanu. Ya liƙe kusurwar kwalin da gam, aka wuce wurin.

Sannan masaƙu suka fara rufewa. Wanda ya zauna a Panshekara a shekarun nan ya san abin da nake faɗa. Da can, da asuba titi cike yake da kekuna da motocin ma'aikata, masu koko da ƙosai ba sa zama. Sai aka fara jin an rage masu aikin dare, an sallami wani sashe, an kulle ƙofa an bar maigadi shi kaɗai. Kamfanin da maigidana yake aiki a Sharada ya riga rufewa, shi kuma maigidana ya koma acaɓa. Na Baba a Challawa ya ɗan ja, sannan shi ma ya bi sahu. Ranar da aka sallame su ya dawo da akwatin sifanunsa a bayan keke, ya jingine keken, ya yi wanka, ya yi la'asar, ya sa faifansa kamar kullum. Inna ta ce, "Yau ma?" Ya ce, "Yau ma. Masaƙa suka rufe, ba ni suka rufe ba."

Abokansa da yawa sun koma ƙauye. Wasu sun zauna a gindin bishiya suna jiran a sake buɗewa har suka tsufa a wurin. Baba ya kafa tebur a ƙofar gida yana gyaran keken ɗinki da injin markaɗe da ƙananan janareto. Wani dillalin tsofaffin kaya ya taɓa zuwa ya ce ya ji akwai garmaho a gidan. Baba ya raka shi har bakin titi, ya nuna masa hanyar da ya biyo.

A lokacin ne muka lura sautin faifan yana ƙaruwa. Da can iyakarsa tsakar gida, sai ya zama ana ji a zaure, sai a layi. In an yi masa magana daga baya ba ya juyowa. In ka faɗa masa abu ya ce "to, to" alhali tambaya ka yi masa. Duk mun gane, babu wanda ya iya faɗa masa, domin shi a ganinsa mutane ne suka koma magana ciki-ciki. Garin kuma ya canza. Shekarun da aka tsananta a kan kiɗa da gidajen kallo ne, kowa yana lura da abin da ke fitowa daga gidan maƙwabcinsa.

Ranar da abin ya fashe, Baba ya sa faifan da wuri, kafin la'asar. Ina gidan maƙwabta wajen kitso, Inna tana barci. Ladan ya kira salla, aka tayar, aka idar, kiɗa yana tashi har bakin masallaci. Washegari ƙaninsa ya zo, wanda muke kira Baffa. Baffa mutum ne mai tsoron Allah da gaske, mai taushin hali, a hannun Baba ya tashi bayan rasuwar iyayensu. Suka zauna a tsakar gida, ina madafa ina jin su, domin magana da Baba ba ta yiwuwa a asirce.

"Yaya, magana ce ta kawo ni, kuma ba mai daɗi ba ce. Jiya an yi la'asar kiɗanka yana tashi. Jama'a sun yi magana."

"Ba a yi haka ba."

"An yi, Yaya. Ina sahun gaba."

Baba ya juya wajen Inna. "An kira salla jiya ina kiɗa?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi irin abin da ta yi a lokacin ba.

Baffa ya matso kusa da kunnensa. "Ka ɗauka ishara ce. Shekaru sun ja, ba mu san ranar tafiya ba. Ka ba ni abin nan in fitar maka da shi daga gida, hankalin kowa ya kwanta."

"Kunnena ne ya yi laifi, faifai bai yi komai ba," in ji Baba. "Kunnen kuwa a masaƙa na baro shi, lokacin da kake zaune a gidan nan kana cin tuwo kana zuwa makaranta."

Wannan gori ne, kuma bai kamata ya yi shi ba. Baffa ya tashi idonsa ya kaɗa, ya sa takalmi ya fita. Sun daɗe bayan nan gaisuwa kawai ke haɗa su.

Amma a ranar, bayan magariba, Baba ya miƙe a masallaci. Maigidana yana wurin, shi ya faɗa mini. Mutumin da ya ɓoye kurumtarsa ko ga matarsa ya tsaya gaban unguwa ya ce, "Jama'a, ni kurma ne. Jiya ban ji kiran salla ba, na yi abin da bai dace ba, ku yafe mini, ba za a sake ba." Aka ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Wani daga baya ya ce to sai a bar kiɗan ke nan. Aka maimaita wa Baba da ƙarfi. Ya ce, "Wannan ban ce ba," ya ɗauki takalmansa.

Tun da aka kawo ni gidan, maganata da shi ba ta wuce gaisuwa ba, ina durƙushe, kaina a ƙasa. Ko cin abinci ba na yi inda zai gan ni. Kashegari da hantsi sai na ji ya kira ni daga bayan labule, da sunan da bai taɓa canza mini ba har na haifi 'ya'ya.

"Amarya."

"Na'am, Baba."

"Kunnenki lafiya lau?"

"Lafiya lau, Baba."

"To zan ba ki aiki. In faifai yana tafiya kika ji ladan, ki ɗaga labulen nan ki tsaya inda zan gan ki. Kada ki ji kunya, kunya ce ta kai mu inda muka je shekaranjiya."

Haka na fara. Da farko iyakata ɗaga labule. Sai wata rana na ɗan zo da wuri na tsaya, ya hango ni, ya yafito ni da hannu. Ya ɗora tafinsa a jikin sifika, goshinsa a haɗe.

"Jitar ta shigo?"

Na ce ban sani ba, ni duk ɗaya nake ji. Ya ɗage allura ya mai da ita farko. A ranar na gane abin da ke damunsa. Ganguna yana jin su a tafin hannunsa, babbar jitar nan mai kaurin murya ma tana zuwa masa ta ƙashi. Amma siririyar, wadda saboda ita ya tsaya a ƙofar kanti da keke a hannu, ita ce ta fara ɓace masa. Abin da ya fi so shi kunnen ya fara ƙwacewa.

Ya koya mini kamar yadda zai koya wa sabon ma'aikaci inji. Ina zaune a bakin ƙofa da hijabina, ƙafata ba ta tsallaka dokin ƙofar ba ko sau ɗaya. Ya ce in bar neman waƙa, babu. In fara kama mai ganga, in riƙe shi, sannan in nemo mai babbar jita a ƙarƙashinsa, sannan mai fiyano da ke cike gurabe. "In kin riƙe waɗannan, ki jira. Mai siririyar jitar ba ya gaggawa, sai sun share masa wuri." Na jira. Can sai ga ta, siririya, ta shigo a hankali kamar mai sallama a gidan da ba a san ta ba, ta yi jimla ɗaya ta yi shiru, ta sake yi ta ƙara tsawo, sannan ta ɓalle da gudu har na ji tsigar jikina ta tashi. Na ɗaga yatsa. Baba ya kalli yatsan, ya kalli inda allura take, ya lumshe ido. Daga nan shi ya ci gaba da ita a kansa, leɓensa yana motsi.

Ya nuna mini yadda ake karanta faifai da ido. In ka karkata shi wajen haske, inda kiɗan ya yi sanyi layukan sun fi duhu da santsi, inda ya yi zafi sun fi kaushi. Akwai wani wuri a gefe na farko da allura ke yin ɗan ƙas saboda tsohon karce, ya ce in na ji shi in sani saura kaɗan mai ganga ya karɓe fage shi kaɗai. Yakan ce, "Saurari yadda suke ba juna hanya. Kowa gwani ne, amma ba wanda ya taka wani." Game da mai jitar kuma ya ce, "Da a nan aka haife shi, garaya zai riƙe, kuma da mun san shi." Bai san fuskar mutumin ba, hoton da ke kwalin jita ce kawai a jingine. Bai taɓa neman sanin labarinsa ba. Ya ce abin da zai faɗa ya riga ya faɗa a ciki.

Ba a daɗe ba magana ta zaga unguwa, wai matar ɗa tana zama a ƙofar suruki tana jin kiɗan Turawa. Maigidana ya dawo wata rana ransa a jagule ya ce ana magana, ko zan rage. Na ce masa, "Mahaifinka ne. In ka ga bai dace da ni ba, ka ajiye babur ka zo ka zauna ka ɗaga masa yatsa." Na san ba zai iya ba, da babur ɗin muke ci. Bai sake tayar da zancen ba, ni kuma ban fasa ba. Matan da suka daina amsa gaisuwata da sakin fuska, na bar su da abinsu.

Akwai abin da ya yi mini wanda ko Inna ba mu taɓa zancensa da ita ba. Na haifi 'ya mace, ba ta zo da rai ba. Gida ya cika da mata, kowa da irin nata haƙurin: kada in yi kuka, kuka ba kyau, wasu ma ba su samu cikin ba, Allah zai mayar. Gaskiya suka faɗa, amma ƙirjina kamar an ɗora dutse. In hawaye ya taho sai in ga ido a kaina, in haɗiye. Da mutane suka ragu, wata yamma ina kwance sai na ji ana jan abu a tsakar gida. Baba ne ya fito da sifika ya ajiye ta saitin tagata. Ya sa gefe na biyu, inda akwai wani kiɗa mai sanyi da jitar ke tafiya ita kaɗai kamar mai neman wani a cikin gida. Ya ƙure sautin. Na ji yana ce wa Inna, da wannan raɗar tasa da ake ji har zaure, "A bar ta ta yi kukanta. Na ƙure shi, ba mai jin ta."

Na yi kuka har muryata ta dishe. Duk lokacin da kiɗan ya ƙare sai ya mai da allura. Da ladan ya kira magariba Inna ce ta taɓa kafaɗarsa. Bai taɓa yi mini ta'aziyya da baki ba, kuma ban taɓa yi masa godiya da baki ba.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, tarin da yawancin mutanen masaƙa suka fito da shi. Baffa ya dawo ba tare da an kira shi ba. Kullum yana nan, shi ke tayar da shi, shi ke ba shi koko a baki, shi ke karanta masa Alƙur'ani daf da kunne. Na ga Baba ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, kuma na ɗauka wannan ne ban haƙurin gorin da ya yi masa. A makonnin nan bai nemi faifai ba, shi ya sa wasu ke cewa ya tuba ya bar shi kafin ya tafi. Ni dai ga abin da na sani. Ana saura kaɗan ya rasu na kai masa ruwan zafi, ya nuna mini tebur ya ce, "Amarya, rufe garmahon nan da zane, ƙura tana shiga. In na tashi zan neme shi." Niyyar tashi yake da ita.

Bayan Inna ta fita takaba aka zauna rabon gado. Ba wani abu mai yawa ba ne: gidan, keke, akwatin sifanu, tufafi. Da aka zo kan garmaho da faifai, Baffa ya ce waɗannan ba za a sa su cikin rabo ba. A fasa su, kada a ci gaba da sa su alhaki yana bin mamaci. Mazan suka gyaɗa kai. Maigidana ya kalli tabarma.

Ina bakin madafa, ba a kira ni ba, kuma ba a saba jin muryar suruka a irin wannan zama ba. Na ji bakina ya buɗe.

"Baffa, ku yi haƙuri. Ya ce in rufe masa kada ƙura ta shiga. Bai ce a fasa ba."

Duk suka juyo. Baffa bai yi fushi ba, a hankali ya ce, "'Yata, ke ba ki da gado a nan."

Gaskiya ne, ba ni da shi.

"Ni ina da shi," in ji Inna.

Tana zaune a ƙofar ɗakinta tun da aka fara. Ta gyara mayafinta.

"A sa su cikin tumunina. In sun fi ƙarfinsa a rage mini a wani wuri. Abin da ya zama nawa kuma ban ga mai fasa shi ba."

"Ke da kika fi kowa ƙin abin nan?" in ji Baffa.

"Na ƙi shi, kuma na zauna da shi tun ina yarinya. Ni na san mutumin da ke tashi daga gabansa ya tafi masallaci, na san wanda ke dawowa."

Baffa ya share ido da gefen babbar rigarsa. "Tsoro nake ji masa, wallahi. Ba wani abu ba."

"Na sani. Ka yi masa addu'a, kai ya fi jin muryarka. Wannan kuma ka bar mini."

Aka shafa fatiha, aka tashi. Har yau Baffa yana zuwa gaishe ta duk Juma'a, bai canza ra'ayinsa ba, ita ma ba ta canza nata ba.

Ni da maigidana muka kinkimo garmahon da batirinsa zuwa ɗakin Inna. Ya zauna a rufe na wani lokaci, ban tambaye ta ba. Sai wata rana bayan la'asar, yara sun tafi islamiyya, ta kira ni ta ce in sa mata. Na wanke hannu, na goge faifan, na sauke allura. Ta ce in bar ƙofa a buɗe, ba sata muke yi ba. Ta zauna a bakin gado ta yi tagumi, ta saurara tun daga gangar farko har allura ta kai tsakiya tana shuu. Ba ta motsa ba.

"Wallahi har yau hayaniya nake ji," in ji ta.

"In kashe, Inna?"

"Wa ya ce ki kashe?" Ta goge fuskarta da bakin zane. "Allah Ya jiƙan Malam, ya tafi ya bar ni da aiki. Juya ɗaya gefen."